Yadda ake auna aikin ƙwaƙwalwar yaro: jagora ga sabon mai koyon aiki a Kano

Ɗalibin digiri na uku a ilimin halayyar ɗan Adam da ya zaɓi fannin ƙwaƙwalwar yara, wato niyurosaikoloji, ba ya fita sai ya yi shekara guda yana koyon aiki a asibiti ƙarƙashin gwani. A Amurka, inda tsarin ya fi kafuwa, shekarar tana cin awa kusan 2,000, ɗalibi yana samun kulawar malami awa 4 duk mako, 2 daga ciki shi da malaminsa kaɗai. Tun taron da masana fannin suka yi a birnin Hustan a 1997 kuma aka tsayar cewa sai ya ƙara shekara biyu bayan digirin kafin a kira shi ƙwararre. Mu nan masu wannan fanni ba su da yawa, amma aikin ɗaya ne: a turo maka yaro, ka gano abin da ƙwaƙwalwarsa ke iyawa da abin da ke ba ta wuya, ka faɗa wa iyaye da malamai abin da za su yi.

Na yi wannan aiki sau ba adadi, na kuma zauna a bayan ɗalibai ina kallon yadda suke yi. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, kusan duk gwaje-gwajen da ke cikin akwatinmu an ƙera su ne don yaran wata ƙasa. Lambar da za ta fito ba ita ce yaron ba. Tarihin da ka ɗauka da abin da idonka ya gani su ne za su gaya maka ko lambar ta yi gaskiya.

Kayan aiki

Teburi da kujera daidai tsawon yaro, yadda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa. Fensir biyu marasa magogi, domin kuskuren yaro ma bayani ne, ba ka so ya goge. Agogon ƙidayar daƙiƙa. Idan babu, waya ta isa, amma ka kashe layinta. Takardun rubuta amsa da allon da za ka danne su a kai, ka karkata shi yadda yaro ba zai ga abin da kake rubutawa ba. Takardar amincewar iyaye da Hausa. Katin gwajin ido. Ruwan sha da ɗan biskit ko dabino. Sai littafin da kake rubuta awoyinka.

Game da gwaje-gwajen kansu, ka duba abin da sashenku ya mallaka. WISC-V, gwajin basira, na 'yan shekara 6 zuwa 16 ne, WPPSI na ƙanana, KABC-II na 'yan 3 zuwa 18 kuma yana da ɓangaren da ba ya buƙatar magana sosai, shi ya sa masu bincike a Yuganda suka yi ta amfani da shi a kan yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Raven mai launi tambaya 36 ce ta cike gurbin zane. Ga 'yan ƙasa da shekara shida akwai MDAT, mai auna ci gaban yaro, wanda aka tsara a Malawi da kayan da yaron Afirka ya saba gani. Ga ɗabi'a akwai SDQ mai tambaya 25. Idan babu manyan akwatunan, kuma sau da yawa babu saboda tsada, Raven da maimaita lambobi da zane da kyakkyawan tarihi za su kai ka nesa.

1. Ka fara da tambayar da aka turo yaron da ita

Yawanci takardar likita layi ɗaya ce: a duba ƙwaƙwalwarsa. Wannan ba tambaya ba ce. Ka karanta fayil ɗin tun daga shafin farko, ka je wurin likitan idan ta kama, har sai ka iya rubuta tambayar a jimla guda. Misali: yarinya mai sikila, 'yar shekara tara, da take cikin na gaba a aji yanzu ta koma baya, shin akwai alamar ƙwaƙwalwa ta taɓu? Ka kai wa malaminka wannan jimla da jerin gwajin da kake so ka yi, kafin ranar, ba bayanta ba.

2. Ka zaɓi rana

Da safe, tsakanin tara da sha biyu, kafin zafi ya sauko da layin asibiti ya gajiyar da yaro. Kada ka gwada mai sikila yana cikin ciwon ƙashi ko ya fito daga kwanciya kwanan nan. Da hunturu irin wannan ɗage rana yakan yawaita, ka haƙura. Mai farfaɗiya da ta tashi masa jiya ko yau, a sake masa rana. Da azumi ka tambaya, domin ɗan shekara goma a Kano yakan ɗauka, kuma ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya.

3. Gaisuwa da neman amincewa

Kada ka yi gaggawar buɗe fayil. Ka gaida babba tukuna: "Hajiya, ina kwana, yaya mai jiki, yaya hanya?" Sannan yaron: "Ɗana, yaya sunanka? Wane aji kake?" Ka cire farar riga idan kana sanye da ita, ka faɗa masa ƙarara cewa yau babu allura, babu ɗibar jini. Ka faɗa wa iyaye kai mai koyon aiki ne, akwai malamin da zai duba duk abin da ka yi, kuma babu wanda zai ga rahoton sai da izininsu. Ka karanta musu takardar amincewa da baki. Idan uwa ta ce sai ta ji daga maigida, ka ba ta dama ta kira shi.

4. Tarihi

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan sababbi suka fi yin sakaci. Ka ware masa minti arba'in zuwa awa guda.

Ka fara da shekaru, domin duk lissafin da za ka yi daga baya a kansu ya rataya. Kada ka karɓi "zai kai takwas". Ka nemi katin rigakafi ko takardar haihuwa. Idan babu, ka bi ta watannin Musulunci: kafin Azumi ne ko bayan Babbar Sallah, da damina ko da rani, wa ya girma, wa ke bi masa, tazarar su nawa? Idan duk da haka shekarun kintace ne, ka rubuta haka a rahoto.

Sai ciki da haihuwa: a gida ko asibiti, an daɗe ana naƙuda, ya yi kuka da faɗowarsa? Ya yi shawara a makon farko, idonsa ya yi ruwan ɗorawa? Shawarar jarirai mai tsanani tana taɓa ji da motsin jiki. Yaushe ya zauna, ya yi tafiya, ya fara magana? Uwa ba za ta ba ka watanni ba, amma ka tambaye ta ko an yaye shi yana tafiya, ko ya yi jinkiri a kan 'yan'uwansa, za ta amsa maka daidai.

Sai cututtukan da suka fi kawo mana yara a nan. Zazzaɓin da ya kai ga suma ko jijjiga: binciken Yuganda ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da zazzaɓin cizon sauro ya hau wa ƙwaƙwalwa suna zama da rauni a tunani, musamman wajen tattara hankali. Sanƙarau, wanda yakan bar kurumta. Faɗuwa daga babur ko bugun kai. Tamowa. Idan iyalin sun zauna inda ake haƙar zinare, ka tuna da gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ka nemi a nuna maka kwalin duk maganin da yake sha. Fenobabiton, maganin farfaɗiya, alal misali, yakan sa yaro rashin zama wuri ɗaya ko nauyin kai, sai a ɗora wa ciwon abin da magani ne ya kawo. Ka tambayi na gargajiya ma, cikin ladabi.

Akwai abin da littafi ba zai faɗa maka ba. Idan yaron ɗan fari ne, wata uwar ba za ta ambaci sunansa ba, ba za ta yabe shi ba, za ta riƙa ba ka amsa a gajarce. Alkunya ce, kada ka rubuta cewa ba ta damu da shi ba. Ka tambayi wa ya raine shi. Sau da yawa kaka ko goggo ce ta san komai, sai ka nemi a zo da ita.

Ka tambayi karatu iri biyu: boko da allo ko Islamiyya. Shekara nawa a kowanne, yara nawa ne a ajin, da wane harshe malami ke koyarwa da gaske, izu nawa ya haddace. Sannan aikin yau da kullum, wanda shi ne ma'aunin da na fi yarda da shi. Ana aikensa kanti ya sayo abu uku ya dawo da canji daidai? Yana alwala a jere? Yana sa kayansa da kansa, yana tsallaka titi? Sa'o'insa yake wasa da su, ko ƙanana yake bi?

5. Ido, kunne, ciki

Minti biyar ne. Ka gwada kowane ido da kati. Ka tsaya a bayansa ka faɗi kalma a hankali ya maimaita, kunne ɗaya bayan ɗaya. Ka tambaya ya karya, ya yi barci jiya. Na taɓa kwashe awa biyu da wani yaro da aka ce ba ya gane komai, makinsa duk a ƙasa, sai a ƙarshe na lura bakina yake kallo. Ya yi sanƙarau yana ɗan shekara uku, kunnen ne ya tafi. Har yau ina tuna shekarun da ya yi yana shan bulala a kan abin da bai ji ba. Duk wanda ka yi shakkar jinsa, a fara kai shi sashen kunne.

6. Harshe

Ka yi hira da yaron ka ji harshen da yake tunani da shi. Kasancewarsa a makarantar kuɗi ba ya nufin Turancinsa ya isa a gwada shi da shi. Idan da Hausa za ka yi, kada ka riƙa fassara umarni nan take, yau kaza gobe kaza. Ku zauna da malaminka ku rubuta fassara guda, kowa a sashen ya riƙa karanta ita. Gwajin ma'anar kalmomi da na sanin duniya ba sa fassaruwa: kalmar da take da wuya a Turanci tana iya zama ta yau da kullum a Hausa. Gara ka bar su, ko ka yi su don lura kawai ba don maki ba.

Maimaita lambobi ma yana da tarko. Lambobin Hausa daga ɗaya zuwa tara duk gaɓa biyu-biyu ne, na Turanci kuwa gaɓa ɗaya ne in ban da bakwai. Kalma mai tsawo ta fi cin wuri a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wato inda ake riƙe abu na ɗan lokaci, saboda haka yaron da aka gwada da Hausa yana iya riƙe lambobi kaɗan ƙasa da na teburin maki da ke littafin gwajin alhali lafiyarsa ƙalau. Ka tambaye shi da wane harshe yake ƙirga, ka yi da shi, ka rubuta wanda ka yi da shi.

7. Gwajin kansa

Ka zauna daura da shi, kayan da ba a kai gare su ba ka ajiye a ƙasa gefenka. Ƙaramin yaro uwarsa ta zauna a bayansa, ka roƙe ta tun farko: "Mama, ko kin ga ya yi kuskure kada ki gyara masa, kuskuren nake nema." Ka fara da abu mai sauƙi marar magana, kamar zane ko jera 'yan katako, ka sa masu wuya a tsakiya, ka rufe da wanda zai iya.

Ka karanta umarni yadda yake a rubuce. Lambobi ɗaya a kowace daƙiƙa, da murya ɗaya. Ka rubuta amsarsa kalma da kalma. Ka san inda ake farawa da inda ake tsayawa a kowane gwaji tun a gida. Mai buɗe littafi yana nema a gaban yaro ya riga ya rasa hankalin yaron. Ka yabi ƙoƙari, kada ka yabi amsa: "Sannu da ƙoƙari, mu je gaba." Idan kana cewa "yauwa" duk sanda ya dace, shirunka zai zama masa alamar ya faɗi.

Yaranmu an hore su kada su kalli babba ido cikin ido, kada su yi magana sai an tambaye su, kuma su yi shiru idan ba su tabbata ba domin amsar kuskure a aji tana jawo duka. Saboda haka sunkuyar da kai ba alamar galahanga (autism) ba ce, "ban sani ba" ta farko kuma sau da yawa tsoro ce. Ka ce masa, "Nan ba a duka, faɗi abin da ya zo maka." Haka gwajin da ake ƙidaya lokaci: yaron da aka koya wa natsuwa a gaban manya zai yi a hankali don kada ya ɓata. Ka nanata masa a misalin gwaji cewa wannan na sauri ne. Wanda bai taɓa riƙe fensir sosai ba, ko bai taɓa ganin wasan haɗa hoto ba, ka rubuta haka. Almajirin da ya saba da allo zai iya fara bin layi daga dama zuwa hagu, wannan ba cuta ba ce. Ka kuma tambaya ko bahago ne aka mayar da shi dama, kafin ka yanke hukunci a kan hannun da ya fi sauri.

Hutu duk bayan minti talatin ko arba'in, ya sha ruwa, ya zaga. Mai sikila kada ka bari ya ji ƙishirwa. Idan ya gaji, a raba aikin kwana biyu.

Abu biyu ne ke sa a ajiye fensir nan take. Idan farfaɗiya ta tashi, ka kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko wani abu a baki, ka duba agogo, ka kira ma'aikatan jinya. Ta wuce minti biyar, gaggawa ce. Idan ka ga mai sikila hannu ko ƙafa ta saki, baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko uwa ta ce hakan ya faru kwanan nan, ka kai shi wurin likita a ranar.

8. Abin da ido ya gani

A gefen takarda ka riƙa rubuta yadda ya yi aikin. Yana tsalle ya amsa kafin ka gama tambaya? Yana manta umarni a tsakiya? Yana barin gefe ɗaya na shafi? Yana ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu, ido a buɗe, sannan ya dawo bai san ya tafi ba? Wannan na ƙarshen yana iya zama ƙaramar farfaɗiya wadda a gida ake kira shashanci, kuma tana jin magani. Ka rubuta lokacin da tsawonta, ka faɗa wa likita.

9. Lissafin maki

A ranar, kafin ka manta. Ka cire ranar haihuwa daga ranar gwaji, shekara, wata, kwana, kada ka cike wata. Ka lissafa sau biyu, ka ba abokin aikinka ya sake dubawa. Kuskuren da na fi kamawa a takardun ɗalibai shi ne buɗe teburin shekarun da ba na yaron ba.

10. Fassara

Matsakaicin maki 100 ne, tazara 15, wato yawancin yara suna faɗawa tsakanin 85 da 115, ƙasa da 70 ana ɗaukarsa rauni. Amma matsakaicin wa? WISC-V an daidaita shi ne a kan yara 2,200 na Amurka. Lafiyayyen yaro daga Kurna ko Ɗorayi, wanda ajinsu ya cika maƙil, yana iya samun maki ƙasa a kai ba tare da komai ya same shi ba. Don haka ba a cewa yaro yana da naƙasar fahimta da lamba kaɗai. Sai aikin yau da kullum da ka tambaya a mataki na huɗu ya nuna haka shi ma, kuma abin ya faro tun yana ƙarami.

Abin da ya fi amfani shi ne ka gwada yaron da kansa. Ina ya yi ƙarfi, ina ya faɗi, kuma faɗuwar ta dace da ciwonsa? A sikila akwai shanyewar da ba ta nuna alama a jiki, takan taɓa gaban ƙwaƙwalwa da jijiyoyin cikinta, sai ka ga magana lafiya, hadda lafiya, amma sauri da tattara hankali da tsara aiki sun yi ƙasa. Idan ka ga haka, ka duba ko an yi masa awon gudun jini a jijiyoyin kai, TCD, wanda ake so a yi wa masu sikila duk shekara daga 2 zuwa 16. Gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alamar haɗari ce. A nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, aka yi binciken da ya nuna amfanin maganin haidiroksiyuriya wajen kare irin waɗannan yara daga shanyewar ɓarin jiki, saboda haka akwai inda za ka tura su.

Ka shiga wurin malaminka da takardun asali da ra'ayinka a rubuce, har da abin da ka ɓata. Idan ka tsallake wani umarni ko ka manta danna agogo, ka faɗa. Shi zai sa hannu a rahoton.

11. Rahoto

Shafi biyu ko uku. Amsar tambayar a sama. Ka faɗi harshen da ka yi gwajin da shi da ƙasar da ma'aunin ya fito. Shawarwari su zama waɗanda za a iya yi a ajin da yaron yake: a zaunar da shi layin gaba, umarni ɗaya a lokaci guda, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a bar mai sikila ya sha ruwa ya fita bayan gida ba sai ya roƙa ba, a rage masa tsawon abin da ake rubuta masa a allo ya riƙa biyawa kaɗan-kaɗan. Mai matsalar ji ko gani mai tsanani, ka ambaci makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki. Ka yi wa malamin aji takarda dabam mai shafi ɗaya, da Hausa, ba tare da sirrin gidan ba.

12. Zama da iyaye

Ka nemi uba ya zo, domin kuɗin magani da zancen makaranta galibi a hannunsa suke. Ka fara da abin da yaron ya iya, da misali daga abin da ka gani. Sannan matsalar, da kalmomin gida: "Alhaji, ba taurin kai ba ne. Idan aka ba shi saƙo uku, na farko ne yake zama, sauran su zube. A ba shi ɗaya, ya dawo, a ba shi na biyu." Kada kalmar daƙiƙi ko taɓin hankali ta fito daga bakinka, kada kuma ka ba su lamba su tafi da ita, za ta bi yaron har girmansa.

Za a ce maka iska ce ko sammu. Kada ka yi musu, ba za ka ci ba, kuma ba za su dawo ba. Ka ce a ci gaba da addu'a, amma kada a daina maganin asibiti ko da kwana ɗaya. Ka faɗa musu farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta cin abinci kwano ɗaya, domin saboda wannan zato ake cire yara daga makaranta. Zancen duka kuwa ka yi shi kai tsaye, ka roƙi a daina. Kafin su tashi, ka ce uwar ta maimaita maka abu uku da za su yi a gida.

13. Rufe fayil

Takardun amsa a kulle su a kabad, kada ka ɗauki hotonsu a waya, kada ka tura su WhatsApp ko da don neman shawara ne. A littafin awoyinka ka rubuta kwanan wata, shekarun yaro, ciwonsa, gwaje-gwajen da ka yi, awoyin da ka ci da yaro da na rubutu da na zama da malami, ba tare da suna ba, malaminka ya sa hannu a makon. Ka ba iyaye ranar dawowa bayan wata uku don jin yadda makaranta ta karɓi shawarwarin. Maimaita gwajin kuwa sai bayan shekara guda, domin yaro yakan tuna tambayoyin makinsa ya hau, sai dai idan wani sabon abu ya faru, kamar shanyewa ko canjin magani, likita ya nemi a sake dubawa kafin lokacin.